Mu Uku a Garejin Kawu

Ranar da Kawu ya ce in kwashe kayana daga garejinsa, ina tsugune ina ƙarasa allon wani mai gyaran takalma. Bai shigo ba, don warin fenti yana sa shi atishawa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya goya hannuwa a baya, yana ta duban rufi kamar ranar ya fara ganinsa.

"Komai, ɗan'uwanka zai dawo ƙarshen wata. Kuma da mota zai dawo."

"Allah ya kawo shi lafiya, Kawu."

"Amin. Ita motar kuwa, ka san ba za ta kwana a titi ba."

Daga nan ya shiga zancen ciwon gwiwarsa, ni kuma na yi ta jera masa sannu, buroshi yana ɗiga a kan takalmina. Ban ga laifinsa ba. Shekara shida ya bar min wurin, ko sau ɗaya bai taɓa yi min gori ba. Amma kwana ashirin da uku suka rage a watan, kuma duk abin da nake ci da shi yana cikin ɗakin nan.

Komai ɗin ni ne. Cikakken sunan Komai-da-ruwanka, mahaifiyarmu ce ta liƙa min tun ina firamare, ranar da na kwance rediyonta don in ga mutanen da ke ciki, kafin yamma kuma na zana fuskarta da gawayi a bangon kicin. Da na girma aka ji tausayina aka gutsure sunan, amma halin yana nan inda yake.

Garejin taku tara ne a tsaye, biyar a kwance. Bangon hagu na fenti ne: gwangwanaye, buroshi tsome a kwalabe, alluna a jingine suna jiran bushewa. Bangon dama na hoto ne, farin ƙyalle da fitilu biyu, ɗaya sai an mare ta take kamawa. Can ƙurya akwai tsohon kabad ɗin kayan matar Kawu, na liƙe cikinsa da soson katifa. Nan nake shiga da makirfo in ja ƙofa, in karanta wa gidan rediyo tallan sabulu ko na maganin sauro, da wata murya da ko matata ba ta gane ba ranar da ta fara ji. Gumin da ake sha a kabad ɗin nan kuwa, kar ma ka tambaya.

Gida ba zai ɗauke su duka ba. Ɗaki da falo muke ciki, ni da matata da 'yarmu mai shekara biyar, kuma yarinyar tana da asma. Da na kawo maganar da yamma, matata ko ɗagowa ba ta yi ba daga ninkin kayan da take yi.

"Kyamara ta shigo, makirfo ya shigo. Amma ranar da gwangwanin fenti ɗaya ya tsallako ƙofar nan, ni da yarinya za mu tsallaka waje."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya ƙara ba ni haushi.

Akwai abin da mutanen gari ba su sani ba. A garejin nan mu uku muke aiki, kuma duk ni ne. Farkon shigata sana'a na je ɗaukar hoton wani biki, uban amarya ya dubi farcena ya ga shuɗin fenti, ya juya ya ce wa ɗansa, "Ashe mai fenti kuka ɗauko mana?" A gabana aka kira wani. Tun daga ranar na raba kaina. Mai hoto ya zama Ido, mai allo ya zama Buroshi, mai murya ya zama Amo. Kowa da shafinsa a intanet, kowa da lambar wayarsa, babu fuska a ko ɗaya. In na ɗauki hoton shagon mutum ya ce yana son allo, sai in ce, "Ina da wani, hannunsa da kyau, sai dai ba ya son magana a waya. Tura masa saƙo." In ba shi lambar da ke aljihuna na hagu. In allo ya bushe, in kai masa in ce na biya ta wajen mutumin na ɗauko. Haka muka yi ta tura wa juna aiki, mu ukun, ba a taɓa jin kanmu ba.

Kwana uku bayan maganar Kawu, Auta ta faɗo garejin da kwamfuta a hammata. Ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, tana aiki a wani kamfanin talla inda ake biyansu don su gaya wa mutane kalar da ta dace da su. Sai da ta share kujera da hankici sau biyu sannan ta zauna.

"Yaya, na samo maka ɗaki."

Wani tsohon gidan buga littattafai ne aka gyara aka mayar Gidan Fasaha. Ɗakuna za su bayar ga masu aikin hannu, shekara guda ba haya, ga ruwa ga wuta. Ranar Juma'a ƙarfe goma sha biyu za a rufe karɓar takardu. Na miƙe zan rungume ta, ta ɗaga min hannu saboda rigarta.

"Tsaya tukuna. In aka ambace ka, me zai faɗo wa mutum a rai?"

"Wanda ya goya ki har kika yi masa fitsari a baya."

"Yaya, don Allah ba wasa nake ba. Mutanen nan takarda arba'in ko hamsin za su karanta. Ba su da lokacin riƙe mutum uku a ka. Suna ɗaya, kala ɗaya, magana ɗaya. Wanne ne kai?"

"Duka."

"Duka ai babu ke nan. In ka shiga shago ka ga suna sayar da taya da turare da maganin ciwon kai, me za ka saya?"

"Duk wanda na zo nema."

"Ƙarya kake, fita za ka yi."

Awa biyu muka yi muna ja. A ƙarshe ta zaɓi Ido, wai hoto ya fi shiga ido a fuskar kwamfuta. Ta sa na canza baƙar riga, ta tsayar da ni gaban farin ƙyallena, ta ɗauke ni da kyamarata, tana cewa in ɗaga haɓa, in daina murmushin mai neman alfarma. Ta rubuta min magana ɗayar da take ta faɗa: "Ido, mai kama rayuwar titi kafin ta wuce." Na ce sai ka ce ɗan sanda. Ta ce ba ni za a tambaya ba. Ta zare alluna daga cikin ayyukan da zan tura, ta zare tallan rediyo, ina tsaye ina kallo ina jin kamar yatsuna ake cirewa.

Abu ɗaya ne ta kasa cirewa. Wani ɗan fim ne na minti huɗu da na yi a kan masu gyaran takalma na bakin tasha: hotunansu, da rubutu da zanen fenti a tsakani, da murya tana ba da labari. Shi ne aikin da na fi so a rayuwata, kuma babu wanda ya sa ni. A ƙarshensa an rubuta: hoto, Ido, zane, Buroshi, murya, Amo.

"Bar shi haka," in ji Auta. "Zai nuna kana iya aiki da mutane."

Saura abu ɗaya a takardar, wasiƙa daga wani da ya taɓa aiki da kai ya san hannunka. Auta ta ce wannan ai mai sauƙi ne, ta naɗe kwamfutarta ta koma ofis. Na zauna ina tunanin wa zan je wa. Mutumin gidan rediyo ya san Amo, bai san ina da kyamara ba. Masu shaguna sun san Buroshi, ba su taɓa ganinsa ba. Waɗanda suka san Ido kuwa amare ne da angwaye, wasu ma auren ya daɗe da mutuwa. Shekara shida ina aiki, babu mutum ɗaya a garin da zai iya zama ya rubuta layi biyar a kaina. Wannan ya yi min ciwo fiye da maganar garejin.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Na je gidan wani tsohon malamina na zane, aka ce ya yi tafiya. Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya na zauna a kan gwangwanin fenti, na ɗora takarda a gwiwa, na rubuta, "Ni Buroshi." Abin tsoron shi ne yadda alƙalamin ya yi ta gudu. Ni da na kasa faɗa wa Auta magana ɗaya a kaina cikin awa biyu, sai ga shafi ya cika cikin minti sha biyar. Na sa hannu da 'yar alamar da nake yi a ƙasan kowane allo, na ɗauki hoton wasiƙar na tura. Ban gaya wa kowa ba.

Daga nan zama ya gagare ni. In fara allo in bar shi, in shiga kabad in kunna makirfo in manta sunan sabulun. Sau huɗu na hau bas na je na wuce ta gaban Gidan Fasaha kamar mai neman adireshi. Dogon gini ne na jan bulo, tagoginsa sun fi ƙofar garejin Kawu tsawo. Nakan tsaya a tsallaken titi wajen mai sayar da jarida ina rabon wuri da ido: nan alluna, nan ƙyalle, can ƙurya kabad. Har mai jaridar ya tambaye ni ko ginin zan saya. A gida matata ta ce in daina kaɗa ƙafa, ina girgiza mata kujera. Kawu kuwa kullum safe sai ya leƙo ya gaishe ni da fara'a, idonsa yana ƙirga gwangwanayen da ba su motsa ba.

Ranar wata Litinin wayar Ido ta yi ƙara. Mace ce, murya a natse, ta ce ita ce shugabar Gidan Fasaha.

"Kwamiti ya kalli fim ɗinku sau biyu. Akwai babban ɗaki a sama da muka ware wa masu aiki tare, kuma muna so mu ba ku shi, ku ukun. Ka zo da Buroshi da Amo ranar Alhamis ƙarfe goma mu gana."

Bakina ya ce, "To, ranki ya daɗe, mun gode."

Har da "mun".

Ban san lokacin da na isa ofishin su Auta ba. Ta fito ta same ni a kan matakala, na zayyana mata komai a tsaye, har na kai kan wasiƙar.

"Wace wasiƙa?"

Na faɗa mata. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Yaya! Ni cewa na yi ka gyara yadda ake ganinka, ban ce ka ƙirƙiro shaida ba."

"Ke kika ce in zama mutum ɗaya. Sauran biyun ina kike so in kai su? In binne su?"

"Kar ka ɗora min. Shekara shida kana wasan ɓuya da mutane kafin in buɗe kwamfuta a gabanka."

Na ce mata ni na koya mata riƙe fensir, don haka ta rage murya. Maganar ba ta da alaƙa da komai, amma ita ta zo min. Idonta ya kawo ruwa, ta ce lokacin hutunta ya ƙare, ta hau sama ta bar ni da mai gadi yana kallona.

Daga can na zarce shagon wani abokina mai walda. Na ce rana ɗaya kawai, ya zama Buroshi. Ya ɗage gilashin fuskarsa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya yarda, tunda zama kawai zai yi a sha shayi. Na ce ko da za a ce ya gwada, bari mu gani. Na miƙa masa buroshi, ya damƙe shi kamar guduma, ya ja wani abu a jikin kwali wanda ya ce harafin "B" ne. Na daɗe ina dubansa ta kowane gefe. Na ce ya ce musu hannunsa ya yi targaɗe. Amo kuma na sa ran ƙanen matata, malamin makaranta ne, muryarsa tana da kauri. A hanyar gida har na fara jin shirin ya zauna.

Matata ta saurare ni har ƙarshe tana tsefe wa yarinya kai.

"To bayan Alhamis fa? Shekara guda mai walda zai rufe shagonsa ya riƙa zuwa da targaɗe? Kuma ƙanena kar ka kuskura ka sa shi a ciki."

"To ya kike so in yi? Kwana nawa ya rage?"

"Ka je kai kaɗai." Ta ɗaure kan yarinyar ta sake ta, sannan ta dube ni. "Ni dai mutum ɗaya na aura, kuma duk na san su."

Talata da Laraba na yi su ina canza shawara kamar riga. Da safe in ce zan faɗi gaskiya, da rana in kira mai walda in ce ya shirya, da yamma in sake kiransa in ce ya bari. Daga baya ya daina ɗauka.

Ofishin shugabar a hawa na biyu yake. An jera kujeru uku a gaban teburinta, an ajiye kofin shayi uku. Na zauna a ta tsakiya, na rasa inda zan sa gwiwoyina. Ita babbar mace ce, tabarau a kan hanci, takardu a jere a gabanta. A gefenta akwai wani tsoho mai sassaƙa, ɗan kwamiti, yatsunsa duk tabo.

"Abokan naka suna hanya?"

Na shirya amsa tun a bas: Buroshi zazzaɓi ya kwantar da shi, Amo rasuwa aka yi musu. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan kofuna biyun nan suna tururi. Wani ya wanke su, ya dafa ruwa, ya hau da su matakala, saboda mutanen da babu su. Kunya ta rufe ni.

"Ranki ya daɗe, ba wanda yake hanya. Ni ne duka."

"Ban gane ba."

Na ce ta kira lambar Buroshi da ke ƙasan wasiƙar. Ta dube ni ta saman tabarau, ta kira. Aljihuna na hagu ya ɗauki ƙara. Na fito da wayar na ajiye a kan kujerar da ba kowa.

"To muryar fa?" in ji tsohon.

Na gyara zama, na sauke murya cikin ƙirji, na karanto farkon fim ɗin: "Duk takalmin da ya zo nan, da labarin hanyarsa yake zuwa." Tsohon ya fashe da dariya har ta zame masa tari. Ya turo min takarda da alƙalami, na ja masa haruffa uku irin na allo, ya ɗaga su yana juyawa a haske, yana cewa kai, kai, kai. A lokacin zuciyata ta fara cewa wataƙila. Har na hango kaina ina hawa da kabad sama.

Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta zaro wata takarda daga cikin jerin, ta gyara tabarau, ta fara karantawa a fili.

"Na san shi tun yana yaro. Mutane suna cewa ba ya iya zama wuri ɗaya, har shi ma ya yarda da su. Ni da nake kwana nake tashi da aikinsa na san ba haka ba ne. Abu ɗaya yake yi kullum: ya ga mutumin da ake wucewa ba a kallo, ya tsaya ya kalle shi har sai wasu sun tsaya. Ku ba shi ɗaki mai taga, bai taɓa aiki da hasken rana ba."

Jin maganata a bakinta ya sa na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar titi. Na sunkuyar da kai ina kallon fentin da ke farcena.

"Wannan wasiƙar ce ta fitar da kai daga cikin mutum arba'in da bakwai," in ji ta. "Ni na karanta wa kwamiti. Na ce musu ga mutumin da abokin aikinsa ya san shi haka."

"Ranki ya daɗe, duk abin da ke ciki gaskiya ne."

"Na yarda. Sa hannun ne ba gaskiya ba." Ta ajiye takardar. "A ƙasa akwai wata da muka ba ɗaki jiya. Tana saƙa, tana rubuta waƙa, tana gyaran agogo. Duka ukun ta rubuta a layin sana'a, har rubutun ya fita daga layin. Ba wanda ya ce ta zaɓi ɗaya. Da haka ka yi, ka kawo wasiƙa ko daga maƙwabcinka ne, da yau makulli zan miƙa maka."

"A yi masa uzuri mana," in ji tsohon. "Irin hannun nan ba kullum ake samu ba."

"Sauran sun yi yawo sun nemo wasiƙun gaske. Me zan ce musu?" Ta juyo gare ni, muryarta ta ɗan sauka. "Baɗi ka sake nema. Suna ɗaya, ka jera duk abin da kake yi a ƙarƙashinsa."

"Baɗi, ranki ya daɗe? Kwana huɗu gare ni."

"Ka yi haƙuri."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in gaya mata labarin uban amarya da farcena, in ce ba ni na fara ba, mutane ne suka koya min. Amma ba ita ce uban amaryar ba, kuma ba shi ya riƙe min alƙalami ranar Juma'a ba. Na ɗauki wayata daga kujerar, na yi godiya, na fita.

A kan hanyar sauka wata ƙofa tana buɗe, wata mata tana goge ƙasa. Babban ɗakin ne. Tagogi uku, famfo da kwatami a ƙurya, rana ta kwanta a ƙasan siminti tun daga bango har bakin ƙofa. Ya fi yadda nake hango shi daga wajen mai jarida girma. Matar ta ce in shigo in duba in ina so, in dai zan taka a gefe. Na ce a'a, na gode.

Ɗan Kawu ya dawo da motarsa, fara, doguwa, sai da aka naɗe madubanta sannan ta shiga garejin. Kyamara da fitilu suka koma ƙarƙashin gadonmu. Kabad ya tsaya a falo ya cinye rabinsa, matata tana ratsa gefensa a karkace. Auta ta zo ta taya ni kwasa, da baƙar riga don kar fenti ya nuna. Ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ni ma ban tada zancen matakala ba. Sai da za ta tafi ta tsaya tana wasa da makullin hannunta.

"Yaya, wallahi da na san za su karɓi duka ukun..."

"Ni ma da na sani, Auta. Jeki kar ki makara."

Fenti ne ya rasa wurin zuwa. Kawu ya ce in yi amfani da jikin katangarsa ta waje, mai kallon titi, gwangwanayen kuma su riƙa kwana a bayan tankin ruwa. Na kafa sanduna biyu na ɗaura tamfol. Wurin aikina ke nan yanzu, babu ƙofa, babu bango sai ɗaya. Bas tana wucewa fasinjoji suna leƙe, masu tafiya aiki suna rage sauri. Ranar farko na yi ta ne na juya wa titi baya, na ja hula har gira, wuyana ya ƙage saboda ƙin waiwaye.

Safiya ta biyu ina kan allon wani mai gidan burodi. Mutumin nan ni na ɗauki hotunan shagonsa watanni biyu baya, ni na haɗa shi da Buroshi. Allon ya wuce alkawari da sati biyu saboda hidimar nan, kuma duk lokacin da ya kira Ido yana ƙorafi, ni nake taya shi zagin Buroshi don ya huce. Sai na ji babur ya tsaya a bayana.

"Mai hoto? Kai ne a nan? A'a, ai allona ne wannan! Ina shi mutumin?"

"Ya ɗan fita" tana kan harshena, ta saba da hanya. Na duba inda zan nuna da hannu. Babu ƙofar da mutum zai fita ta cikinta, babu ɗakin da zai shiga. Katanga ce, da tamfol, da ni, jan fenti har gwiwar hannu, buroshi a yatsuna.

"Ni ne."

"Kai ne wa?"

"Buroshin."

Ya kashe babur ɗin. Ya dube ni, ya dubi allon, ya sake dubana.

"Wato kai ne ranar nan kake ce min mutumin nan ba shi da alkawari, ba ya jin kunyar idon mutane?"

"Ni ne."

"To wallahi ka faɗi gaskiya." Ya sauko, ya jawo wani gwangwani ya busa ƙurar kansa ya zauna, ya harɗe hannuwa. "Ƙarasa. Yau ba inda zan je sai da allona."

Na juya na tsoma buroshi. Saura haruffa huɗu. Ban taɓa jan layi mai allo yana zaune yana kallona ba. Na ɗora buroshin a kan allon, na fara.